Tsohon kaskon ƙarfen zubi mai rubutun ERIE: in kai shi giranda ko in bar shi?

Nasiru:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Watana uku ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta kawo ni. Na tsinci wani tsohon kaskon suya na ƙarfen zubi a cikin tarkacen wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Faɗinsa ya ɗan haura santimita 26, akwai lamba 8 a bayansa, ga kuma wani zobe da ya kewaye gindin. Abin da ya fara jan hankalina rashin nauyinsa ne, don sabon da nake da shi mai wannan girman ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Bayansa ya yi baƙin ɓawo kamar kwalta, cikinsa kuma jan tsatsa. Da na ɗan kankare wani gefe na haska fitilar waya a karkace, sai na ga kamar haruffa huɗu, E R I E, amma a dishe ƙwarai. Abokina mai walda ya ce in kawo ya bi shi da giranda, minti goma ya dawo fari tas. Kafin in kai nake neman shawararku.

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, don girman Allah kada giranda ta taɓa kaskon nan. Kada sanfefa ta taɓa shi, kada burushin wayar da ake ɗaura wa inji ya taɓa shi. Ajiye shi inda ruwa ba zai same shi ba, mu yi magana tukuna. Ƙarfen da ya yi shekara ɗari yana jira ba zai gagara jiran mako guda ba.

Auwalu Mai Walda:
Ranka ya daɗe Alhaji, ni sana'ata ke nan, kuma ban ga laifin shawarar abokin aikina ba. Ƙarfe ƙarfe ne. Tsatsa in ba a cire ta ba ci take yi. In ma ba a son giranda, a hura wuta mai ƙarfi a jefa shi ciki har ya yi ja, duk wani maiƙo ya ƙone, a fito da shi a goge. Na yi wa mutane da yawa haka.

Injiniya Bashir:
Malam Auwalu, ƙarfen da kake walda kullum daban, wannan daban. Na yi shekaru a masana'antar zubi, bari in faɗi abin da na sani. Ƙarfen zubi yana ɗauke da sinadarin kabon tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, ƙarfen gini kuwa ko kashi 1 bai kai ba. Wannan kabon ɗin yana zaune a cikinsa a matsayin siraran ɓarɓashi, shi ya sa ba ya lanƙwasuwa, sai dai ya tsage ko ya fashe. In ka jefa shi a wuta, gefe ɗaya ya riga ɗaya zafi, to ko dai gindin ya bauɗe ya daina zama daram, ko ka ji ƙas, tsaga ta fito daga baki. Akwai kuma lahani na uku da mutane ba su cika lura da shi ba: in ƙarfen ya wuce ƙa'ida wurin zafi, fuskarsa takan koma wani ja-ja mai kama da bulo, tana ɓarewa. Wannan ba tsatsa ba ce da za a wanke, ƙarfen ne da kansa ya lalace, kuma mai ba ya ƙara kama wurin da kyau.

Giranda kuma matsalarta ita ce ba ta san inda datti ya ƙare ƙarfe ya fara ba. Rubutun da Nasiru ya gani, zurfinsa bai fi kaurin farce ba. Bi ɗaya za a yi masa ya tafi har abada.

Alhaji Garba:
Allah ya yi maka albarka Injiniya. To Nasiru, ga dalilin da ya sa na yi saurin tare ka. Erie gari ne a jihar Pennsylvania ta Amurka. A nan ne Matthew Griswold da 'yan'uwansa na gidan Selden suka kafa masana'anta a 1865, suka fara da maratayin ƙofa da ƙananan ƙarafa kafin su shiga kayan girki. Kaskonsu na farko-farko, daga wajajen 1880 zuwa farkon shekarun 1900, ba a rubuta musu Griswold ba, ERIE kawai ake sawa. Tambarin nan mai gicciye a cikin da'ira da kowa ya sani daga baya ya zo. An rufe masana'antar ta Erie a 1957, sunan ya koma hannun masu kamfanin Wagner na garin Sidney a jihar Ohio, wanda shi kuma aka kafa a 1891. Idan naka ERIE ne na gaske, ka riƙe abin da masu tara kayan nan suke yawon nema.

Zoben da ka gani a gindi kuma ba ado ba ne. Murhun ƙarfe na wancan zamani, mai amfani da itace ko kwal, yana da ramuka masu murfi a samansa, kowane rami da lambarsa. Lamba 8 ɗin nan ba inci takwas take nufi ba, lambar ramin murhun ce da kaskon ya dace da shi. Zoben shi ke sa ya zauna daidai.

Ni ra'ayina ma, kada ka wanke shi sosai. Ka cire tsatsar ciki a hankali, ka shafa ɗan mai, ka rataye. Baƙin nan na baya shekarunsa ne.

Hajiya Rabi:
Alhaji, a nan ne za mu rabu, kuma ka san mun daɗe muna wannan jayayyar. Baƙin ɓawon nan ba tarihi ba ne, tsohon maiƙo ne da toka da ƙura da suka taru a kan juna saboda wanda ya riƙe shi na ƙarshe bai kula da shi ba. Matar da ta fara sayen kaskon nan sabo, da za ta gan shi a haka, ranta ne zai ɓaci. Waɗanda suka zuba shi sun zuba ne don a ɗora a wuta. Ina da guda bakwai, duk ina girki da su, kuma wanda ya fi kowanne kyau shi ne wanda na fi ɗorawa. Da tsohuwar zuma ake magani, ba a ajiye ta a kwalba ana kallo.

Nasiru, ka wanke shi har ƙarfe ya fito, amma ta hanyar da ba ta cin ƙarfen.

Alhaji Garba:
Hajiya, ban ƙi taki ba a kan kaskon da ake samu ko'ina. Amma ina da injin gasa wafil (wata irin waina ta Turawa) mai juyawa a kan ƙafarsa, irin waɗanda suka yaɗu bayan Cornelius Swartwout ya yi rajistar ƙirarsa a 1869, da mariƙinsa na katako na asali. Ina da injin niƙa kofi na kamfanin Enterprise na Philadelphia, da jan fentinsa da zanen furanninsa na asali. Waɗannan in na tsoma su a ruwan soda, fentin ya tafi, katakon ya ruɓe, me ya rage? Wani ya taɓa kawo min irin injin nan ya sake masa fenti yana sheƙi, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Abin da ya tsira daga shekara ɗari da ashirin, rana ɗaya ta gama da shi.

Hajiya Rabi:
Wannan gaskiya ne, kuma ko ni ba zan taɓa fentin asali ba. Amma kasko ba shi da fenti ba shi da katako. Kada mu haɗa su a hukunci ɗaya.

Maman Khalil:
Ku gafarce ni iyayena, kafin a kai ga maganar girki akwai abin da ya fi komai muhimmanci kuma ban ga an ambata ba: dalma. Ba tukunyar alminiyum da wasu ke kira dalma nake nufi ba, dalma mai guba. Tana narkewa a digiri 327 kacal, ƙarfen zubi kuwa sai wajen digiri 1,200, shi ya sa mutane suka daɗe suna amfani da tsofaffin kasake da ƙananan tukwane da ludayin ƙarfe wurin narka ta, don yin harsashi, ko nauyin ƙugiyar kamun kifi, ko liƙin bututu. Kasko da aka tsinto a cikin tarkacen ƙarafa babu mai ba ka labarin inda ya biyo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, kuma ba ya gyaruwa. Malam Nasiru, bayan ka wanke shi, kafin ka shafa masa mai, ka gwada shi da abin gwajin dalma, ɗan tsinken nan mai canza launi. Ka duba ko akwai wani fari-fari mai kama da azurfa da ya liƙe a lungu. In ya nuna akwai, to shawarar Alhaji ce ta ci: bango, ba murhu ba, kuma ka yi masa alama don kada wani ya ɗauka bayan ka.

Nasiru:
Na gode Maman Khalil, wannan ko kusa bai zo min a rai ba, ga shi ina da yara biyu a gida. Hajiya, wace hanya ce ba ta cin ƙarfen?

Hajiya Rabi:
Aiki biyu ne, kada ka haɗa su, ɗana. Maiƙo daban, tsatsa daban.

Maiƙo sodar da ake haɗa sabulu da ita ce maganinsa. Ka samu bokitin roba mai murfi, ka zuba ruwa lita ashirin, sannan ka zuba soda kamar giram 450 a hankali. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, in ka juya zai tafaso ya fantsamo maka. Safar hannu ta roba da tabarau dole ne, kuma bokitin ya zauna inda yara ba za su kai ba, murfi a rufe. Ka ɗaura waya a ramin mariƙin ka nutsar da shi. Bayan kwana biyu ko uku ka ciro, ka wanke da soson ƙarfe mai laushi, in da saura ka mayar. Soda ba ta yi wa ƙarfen zubi komai ko zai yi wata a ciki. Alminiyum ne take cinyewa, don haka kada ka tsoma komai nasa.

Tsatsa kuma ruwan khal ne, rabi khal rabi ruwa. Shi wannan yana cin ƙarfe in an manta da shi. Rabin awa, ka ciro ka goge, in ba ta fita ba ka sake rabin awa. Na taɓa barin murfin tukunya ya kwana a ciki, da safe fuskarsa ta yi ƙananan ramuka, har yau in na gan shi raina ba ya min daɗi. Da ka gama ka ɗauraye da ruwan sanyi, ka tsane nan take, ka ɗan ɗumama shi ya bushe, don ƙarfe tsirara minti biyar ya ishe shi ya sake yin ja.

Injiniya Bashir:
Akwai hanya ta uku mai yin aikin biyu a lokaci ɗaya, ta lantarki. Bokitin roba, ruwa, sodar wanki (ba sodar sabulun da Hajiya ta ambata ba) kamar babban cokali ɗaya a kowace lita huɗu, da cajar batirin mota irin ta da, wadda ba ta kashe kanta. Baƙar waya a jikin kaskon, jar waya a jikin wani guntun ƙarfe da ba ka so, su biyun a cikin ruwa ba tare da sun taɓa juna ba. Tsatsa da ɓawo su saki kaskon, guntun ƙarfen shi ya lalace. In ka juya wayoyin, kaskonka ne zai zama abin sadaukarwa. Kada a yi amfani da ƙarfe marar tsatsa a matsayin guntun, yana iya sakin sinadarin kuromiyom mai cutarwa a ruwan. Kuma a yi a fili, domin iskar haidirojin ke fita. Amma ga wanda yake da kasko ɗaya tak, hanyar Hajiya ta wadatar.

Auwalu Mai Walda:
To na ji, na kuma ƙaru. Amma tambaya ɗaya Injiniya: ai su ma masu kamfanin da inji suka goge cikinsa ya yi santsi. Me ya sa nasu halal, namu haram?

Injiniya Bashir:
Tambaya mai kyau. E, sun goge, kuma shi ne sirrin tsofaffin nan. Bayan an fasa mazubin yashi an fito da kasko, sai a ɗora shi a kan inji yana juyawa, dutse yana bin cikinsa daidai wa daida. In ka wanke tsohon kasko mai kyau za ka ga siraran layuka masu zagaye kamar na faifan garmaho. Wannan alamar ita ce shaidar aikin masana'anta, masu tarawa suna dubanta kafin komai. Giranda ta hannu ba ta iya bin fuska daidai, tana barin kwari da tudu, tana kuma goge waɗancan layukan. Bayan haka, yashin da suke zubi da shi mai laushi ne ƙwarai, kuma da hannu ake danna shi, shi ya ba su damar zuba bango siriri. Da aka koma injin zubi mai sauri a tsakiyar ƙarni na 20, ga kuma kaskon da abinci ba ya kamawa ya shigo kasuwa, masana'antar Tefal mai yin irinsa ta fara a Faransa a 1956, sai masu ƙarfen zubi suka rage matakai don su tsira. Gogewar ciki na cikin abin da aka bari. Lodge, masana'antar kaskon ƙarfen zubi da aka kafa a 1896 a South Pittsburg ta jihar Tennessee, tana nan har yau, amma kaskonta na yanzu ya fi kauri, fuskarsa kuma da ɗan gwarje-gwarje. Tun 2002 suke sayar da shi da fatar mai a gashe daga masana'anta.

Sai dai in faɗi gaskiya, siririn ba a komai ya fi ba. Ƙarfen zubi ba ya yaɗa zafi da sauri kamar alminiyum, riƙe zafi ne ƙarfinsa, kuma mai kauri ya fi riƙewa. Siririn tsoho in ka buɗe masa wuta gaba ɗaya yana sanyi, gindinsa na iya bauɗewa. A hankali ake ɗumama shi.

Zulai:
Ina jin daɗin zaren nan, amma kullum in aka zo maganar ƙarfen zubi sai a tsaya a Amurka kamar a can aka fara. Sinawa suna zuba ƙarfe tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A Ingila, Abraham Darby ya yi rajistar hanyarsa ta zuba tukwane a mazubin yashi a 1707, bayan shekara biyu ya fara narka ƙarfe da gasasshen kwal a Coalbrookdale, daga nan tukunyar ƙarfe ta zama abin da talaka ke iya saye. Ga Carron a Sikotilan tun 1759, ga Kenrick a West Bromwich tun 1791. Yawancin tsofaffin tukwane masu ƙafa uku da jiragen ruwa suka bazu da su duniya daga irin waɗannan masana'antu suka fito.

Ni butocin shayi na Japan nake tarawa, na yankin Morioka, inda ake wannan zubin tun ƙarni na 17. Kuma ga abin da zai ba Baba Alhaji ƙarfi: a wurinsu, farin ɓawon da ruwa ke bari a cikin buta ba a kankare shi, shi ke kare ta daga tsatsa, kuma ba a shafa mata mai a ciki sam. Kowane kaya da ladabinsa. Abin da ke gyara kasko shi ke lalata buta.

Alhaji Garba:
Madalla da 'yata Zulai. Hajiya kin ji ko?

Hajiya Rabi:
Na ji Alhaji, kuma ka lura ita ma tafasa ruwa take yi a butocin nata, ba a kabad suke ba.

Malam Tukur (mai kula da zaure):
Nasiru, kafin ka ɓata soda, yi gwaji biyu. Rataye shi da yatsa ta ramin mariƙi ka ƙwanƙwasa da cokalin katako. Lafiyayye zai yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga zai yi ƙwaf ya yi shiru. Sannan ka ɗora shi a kan gilashi ko wani wuri mai baje sosai ka danna baki ta kowane gefe, ka ga ko yana rawa. Duba kuma ko akwai wani dogon tabo da ya taso a tsakiyar gindin kamar an yi ɗinki. Wannan wurin da aka zuba narkakken ƙarfe ne a tsohuwar hanya, galibi kafin 1890, daga baya aka mayar da mashigar gefen baki.

Nasiru:
Malam, na yi. Amo yana yi sosai, har sai da na sa hannu na tsayar da shi. Ba ya rawa. Babu tabon ɗinki. Na haɗa ruwan soda yadda Hajiya ta ce, yana ciki tun jiya da yamma. Zan dawo da labari in sha Allahu.

Nasiru:
Assalamu alaikum. Kwana shida ke nan, sau biyu na ciro na mayar. Jama'a, abin da ya fito ba shi na zata ba. Cikinsa santsi kamar gilashi, ga layukan nan masu zagaye da Injiniya ya faɗa, sai ɗan wuri ɗaya da tsatsa ta ci kaɗan. Amma a baya, da ɓawon ya tafi, wani rubutu ne ya bayyana raɗau: WAPAK. Shi kuwa ERIE yana nan, amma kamar inuwa, sai an karkata shi ga haske ake ganinsa. Ke nan jabu na ɗauko? Gaskiya jikina ya yi sanyi.

Alhaji Garba:
Allahu akbar. Ɗana, ba jabu ba ne, kwantar da hankalinka. Wapak masana'anta ce ta gaske a garin Wapakoneta na jihar Ohio, ta yi aiki daga 1903 zuwa 1926. An san su da wannan: sukan ɗauki kaskon Erie su mai da shi samfurin zubi, su cike rubutun, su sa nasu sunan. Cikewar ba ta cika ɓoye shi duka ba, sai inuwar tsohon sunan ta riƙa fitowa a jikin kowane kasko da aka zuba. Masu tarawa suna kiran wannan fatalwar tambari. Ba zan ɓoye maka ba, a idon masu saye bai kai ERIE na asali daraja ba, kuma da na so a ce shi ne. Amma shekarunsa sun kusa ɗari ko sun haura, wannan babu tantama.

Injiniya Bashir:
Ga yadda za ka tabbatar da maganar Alhaji da hannunka. Ƙarfen zubi yana tsukewa kamar kashi 1 cikin ɗari idan yana hucewa. Saboda haka samfurin asali ana yin sa ya ɗan fi girman da ake so. In aka yi samfur da kaskon da ya riga ya tsuke, abin da zai fito zai sake tsukewa. Ka auna naka kusa da Erie mai lamba 8 na asali, za ka ga ya gaza da milimita biyu ko uku. Da wannan ma ake kama jabun gaske na zamani, waɗanda ake zubawa don a yaudari mai saye: sun fi ƙanƙanta, sun fi nauyi, rubutunsu ya dagule, fuskarsu kamar sanfefa. Naka kuwa sunan wanda ya zuba shi na nan a fili, kuma an goge cikinsa da kyau. Wanda ke son yaudara ba ya sa sunansa.

Hajiya Rabi:
Ni kuwa wannan ya fi burge ni da a ce ERIE ne zalla. Kasko ɗaya, masana'antu biyu a jikinsa. Kuma Alhaji ka yarda, da an bar masa ɓawon nan da ka ce shekarunsa ne, da har yau muna kiransa da sunan da ba nasa ba.

Alhaji Garba:
Na yarda Hajiya, a kan wannan kin fi ni gaskiya. Amma injin kofi na yana nan yadda yake.

Auwalu Mai Walda:
Na nuna wa yaran shagona hoton. Akwai wata tukunya mai ƙafa uku da aka kawo mana a goge, na ce a dakata, zan ɗora hotonta a zare na daban ku duba min rubutun da ke kafaɗarta.

Maman Khalil:
Malam Nasiru, gwajin fa?

Nasiru:
Na yi Maman Khalil, wuri uku: tsakiya, lungun bango, da bakin zubarwa. Launi bai canza ba ko ɗaya, kuma babu wani farin abu a jikinsa. Alhamdu lillahi. Yanzu saura mai. Na ga wasu na cewa man 'ya'yan filas (flaxseed a Turance) ya fi kowanne.

Hajiya Rabi:
Yana ba da baƙi mai sheƙi da wuri, amma ni da mutane da yawa mun ga yana ɓarewa bayan 'yan watanni. Man girki na yau da kullum ya isa. Abin da ke ɓata wa sababbi aiki yawan mai ne, ba irinsa ba. Ka ɗumama kaskon, ka shafa mai ko'ina har mariƙi, sannan ka ɗauki tsumma mai tsabta ka goge kamar ka yi kuskuren shafawa kana son cirewa. Abin da ya rage bayan wannan gogewar shi ake bukata. Ka kife shi a cikin obin a digiri 230 na awa ɗaya, ka kashe ka bar shi ya huce a ciki. Zafin shi ke sa man ya daskare ya zama fata mai tauri, ba maiƙo ba. In ya fito yana danƙo, mai ya yi yawa ko zafi bai kai ba. Sau uku ya isa a fara. Kada ka damu in ya fito ruwan ƙasa maimakon baƙi, baƙin a murhu yake zuwa. Watannin farko ka nisanta shi da abu mai tsami, kada ka bar shi a jiƙe, kada kuma ka zuba masa ruwan sanyi yana da zafi. Sabulun wanke-wanke ba ya cutar da shi, tsohuwar magana ce daga lokacin da sabulu ke da ragowar soda a ciki.

Nasiru:
Na yi sau uku Hajiya, ya fito ruwan ƙasa mai duhu kamar yadda kika ce, ba danƙo. Inuwar ERIE ɗin ma ta fi fitowa yanzu da man ya kama. Da safen nan na ɗumama shi a ƙaramar wuta na fasa ƙwai biyu, na farko ya ɗan kama a wurin da tsatsa ta ci, na biyu ya zame da kansa. Baba Alhaji, in akwai Erie mai lamba 8 a wurinka, don Allah a auna min faɗinsa daga baki zuwa baki, ina son in gwada da nawa.

Alhaji Garba:
Akwai, mai lambar samfur 704 a bayansa. Bari in sauko da shi daga bango bayan la'asar in auna maka.